Tambayi Inna: An ce kakarmu "ta yi wa Nasara aiki"

Wasiƙa ta farko

Assalamu alaikum Inna. Ya aiki, ya haƙuri da zafi? Ni ɗaliba ce, ina rubuta labarai ina sakawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp. Kwanan baya ƙawata ta ara mini littattafai biyu na Faransanci, kuma duk tafiyarsu ɗaya: tsohuwa ta rasu, jikarta ta buɗe akwati ta tarar da hoto da lambar yabo, sai ta gano ashe kakar nan ƴar leƙen asirin soja ce a Yaƙin Duniya na Biyu. Shin da gaske mata sun yi wannan aiki, ko ƙarin gishirin marubuta ne? Sannan a gidanmu akwai maganar da ba a son tayarwa. Kakar mahaifiyata dillaliya ce, tana kai da komo tsakanin nan da Kano zamanin Fetan, shugaban Faransa a lokacin yaƙin, kuma ana cewa "ta yi wa Nasara aiki". In na tambaya wane Nasara, wane aiki, sai a ce in tashi in ɗora tukunya. Ina so in gina labari a kanta, har na rubuta babin da aka koya mata harbi aka sauko da ita da laima a bayan Mirya. Me kika gani?

Ɗiyarki, daga Sabon Gari, Damagaram

Amsa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Babin laimar nan ki yage shi. Zan gaya miki dalili, amma bari mu fara da tambayarki ta farko.

Da gaske ne. A Ingila akwai wani tsohon gida da ake kira Bletchley Park, inda aka tara mutane su riƙa kwance ƙullin saƙonnin sirri na sojan Jamus. A farkon 1945 ma'aikatan wurin sun kusa 9,000, kuma kashi uku cikin huɗu mata ne, da yawansu ba su daɗe da barin makaranta ba. Wasu na kula da injuna dare da rana, wasu na fassara, wasu na jera katuna. Kowace sai da ta sa hannu a takardar dokar sirrin gwamnati kafin ta fara. Aka gama yaƙi, suka koma gida, suka yi aure, suka hayayyafa, ba wadda ta ce uffan. Sai a 1974 aka fara bayyana abin da aka yi a gidan. Kafin nan iyaye da yawa sun rasu suna zaton ɗiyarsu buga tafireta kawai ta yi wa gwamnati. Daga nan marubutan da kike karantawa suka samo jika da akwatinta.

Waɗanda aka jefa cikin wuta kuwa su ne na hukumar SOE, wadda Churchill, firaministan Ingila, ya sa aka kafa a Yulin 1940 don ta yi wa Jamus ɓarna a ƙasashen da ta mamaye. Sashenta na Faransa ya tura mata 39, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku ba su dawo ba. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Nur Inayat Khan. A Mosko aka haife ta a 1914, ubanta Ba'indiye malamin Sufaye, uwarta Ba'amurkiya, ta tashi a gefen Paris tana rubuta tatsuniyoyin yara. A Yunin 1943 ƙaramin jirgi ya sauke ta cikin dare a Faransa, aikinta aika saƙo Landan ta rediyo. Ba ta daɗe da isa ba Jamusawa suka kame kusan duk mutanen ƙungiyarta. Ta tsaya, tana ɗaukar akwatin rediyo daga wannan gida zuwa wancan, har Oktoba da aka ba da ita. Ta yi wata goma a sarƙa a kurkukun Pforzheim, aka harbe ta a sansanin fursunoni na Dachau a Satumban 1944. A wurin tambaya ba ta tona kowa ba. Amma fa ta kasance tana ajiye kwafin saƙonninta a littafi, Jamusawa suka same shi, suka ci gaba da aika saƙo da sunanta, Landan ta yarda, aka turo wasu mutane kai tsaye hannun abokan gaba. Marubuci mai son jaruma marar tabo yakan tsallake wannan littafin. Ni kuwa in ni ke rubuta labarinta, a kansa zan zauna.

Ga kuma Josephine Baker, mawaƙiya baƙar fata daga Amurka, wadda ta yi wa Faransa aiki tana ɗauke da bayanai da tawadar da ido ba ya gani a kan takardun waƙoƙinta. A 2021 Faransa ta shigar da ita Panthéon, inda ake girmama manyan ƙasa.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne dalilin da ya sa aka zaɓi mata. Ba don tausayi ba ne, ba kuma don neman daidaito ba. A Faransa ta lokacin, saurayi lafiyayye da ke yawo a titi abin tuhuma ne, domin daga 1943 ana kwasar samari ana kai su aikin tilas Jamus. Mace kuwa a kan keke da kwandon cefane, soja ya kalle ta ya ɗauke kai. Raini ne ya buɗe musu hanya.

To, kakarki ba ta buƙatar laima, domin rainin nan ta riga ta same shi kyauta, kuma yaƙin da kansa ya iso ƙofar gidanta.

Faransa ta faɗi a Yunin 1940. Gwamna Janar Boisson a Dakar, mai mulkin ƙasashen Faransi na Afirka ta Yamma, ya tsaya tare da Fetan, wanda ya miƙa wuya ga Jamus, don haka mu ma nan muka zama nasa. Cadi kuwa, a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi Janar Digol, wanda ya ƙi miƙa wuya, tun Agustan 1940. Kudu da mu ƙasar Ingilishi ce. Kin ga Damagaram ke nan a tsakiya: gabas abokan gaba, kudu abokan gaba, daga 1940 har ƙarshen Nuwamban 1942 da Boisson ya juya bayan sojan ƙawance sun sauka Afirka ta Arewa. Kano kuma ba kasuwa kaɗai ba ce a shekarun nan. Jiragen yaƙin da Ingilishi ke haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana suna sauka a can, su wuce Maiduguri da Fort-Lamy (N'Djamena ta yau) da Khartum har Alƙahira, kuma dubbai ne suka bi wannan hanya. Bature na Kano yana so ya san soja nawa ke barikin Damagaram, mota nawa, man fetur nawa, raƙuma nawa aka karɓe. Kumandan na nan yana so ya san wa ya tsallaka, wa ke yaɗa maganar Digol, samarin wane gari suka gudu don kada a kama su soja ko aikin tilas. An tsananta iyaka, yadi da sukari da kananzir suka yi wuya, fasa-ƙwauri ya bunƙasa ta Magarya da Matamai da Dungas. Inda kaya suka bi, nan labari ke bi.

Wa ya fi dillaliya sanin gari? Namiji iyakarsa zaure. Ita kuwa da ƙunshinta a ka tana shiga cikin gidan gardi, da gidan tafinta, da gidan kukun kumandan, ta zauna a tabarma ta baje zannuwa. Matar gardi ba za ta ce "gobe za a kai samame Kance" ba. Cewa za ta yi maigida ya sa a yi masa guzurin kwana huɗu, saboda haka kuɗin zanen sai ya dawo. Shi ke nan, labari ya fita. Mu mun san wannan hanya tun kafin Nasara. Jakadiya ita ke shiga tsakanin sarki da cikin gida, tana kai magana tana dawo da abin da ta gani. Yarinya mai talla tana kai saƙo tsakanin matan kulle. Bakin rijiya kuwa, a garin da ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar na ɗauke masa hedikwata zuwa Yamai a 1926, ai layin jira ya ishi mutum ya ji labarin unguwa uku.

Ki kiyaye ƙananan abubuwa, don su ke sa tsoho ya ajiye littafi. Babu sefa a 1941, sai Disamban 1945 aka ƙirƙiro ta. A nan tamma da dala ake kashewa, a Kano sule da kwabo da anini. Tsakaninmu da Kano wajen kilomita 240 ne, kuma mai jaki sai ya haura mako a hanya, yana kwana a zango. Ba wanda ke cewa Nijar da Najeriya yadda muke faɗa yau, ƙasar Faransi da ƙasar Ingilishi ake cewa. Sarkin Damagaram na lokacin Barma Mustafa ne. In saƙo a rubuce kike so, ajami ne, kuma laya ta fi ambulan dacewa.

Yanzu ga inda labarinki yake, kuma ke da kanki kika faɗe shi ba ki lura ba: wane Nasara? Matan Bletchley doka ce ta rufe musu baki, ranar da aka ɗage ta jikokinsu suka yi alfahari. Gidanku ba wata doka da ta hana magana, amma shekara 80 ana cewa ki tashi ki ɗora tukunya. Da Ingilishi ta yi wa aiki, ai bayan 1943 tana ɓangaren da ya yi nasara, me za a ɓoye? In kuwa kumandan take kai wa magana, to akwai wanda maganar ta faɗa a kansa: ɗan maƙwabciya da aka tare a hanyar Daura aka dawo da shi ɗaure, ko falken da aka ƙwace wa jakuna. Ko kuma duka biyun take ci, tana sayar wa kowa rabin gaskiya don ta samu a bar ta ta wuce da kayanta, ta ciyar da marayu. Akwai ma wata fassarar da tsofaffi ba su son faɗa wa budurwa: matan da suka zauna da Turawan bariki, aka karɓe ƴaƴan da suka haifa aka kai gidan renon gwamnati. A ƙagaggen labari kina da damar zaɓar ɗaya, amma ki zaɓi wadda za ta sa jikar da ke bincike ta yi hasarar wani abu idan ta gano. Sirrin da ƙarshensa kowa ya tafa ya ce "ashe jaruma ce" ba ya riƙe littafi.

Akwatin ma ki bar wa Turawa. Kakanninmu mata ba a ba su lambar yabo ba, ba a ɗauke su hoto da kaki ba. Alamar da suka bari daban ce: gida guda a lungu da ba a kai masa naman layya, ba a kuma aure da su, kuma ba wanda zai gaya miki mafari. Ki fara labarinki daga ranar da jikar ta ce ɗan wannan gidan take so.

Wasiƙa ta biyu

Hajiya, barka da aiki. Ni baduku ne a unguwar Birni ta Damagaram, na haura sittin. Ɗiyar ƙanwata ta rubuta labari ta watsa a waya, game da wata mata da ta riƙa kai rahoton ƴan jam'iyyar Sawaba a 1964 har aka kama maza uku a unguwa. Ta sauya suna, amma duk wanda ya ji ya gane kishiyar kakarmu ce. Yanzu akwai mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci da ba su amsa mini gaisuwa da kyau. Shin wannan ba tonon asirin mamaci ba ne? Ina so in sa ta goge.

Ƙanenki, daga Birni

Amsa

Malam, ina gaisuwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Damuwarka tana da tushe. Hadisi ya zo a Bukhari cewa kada a zagi matattu domin sun isa ga abin da suka gabatar, kuma a Muslim an yi alkawarin rufin asiri duniya da lahira ga wanda ya rufa asirin Musulmi. Ba zan ce maka waɗannan ba su shafi marubuci ba.

Inda yarinyar ta gaza a fili yake. Sauya suna a Birni ba ya ɓoye kowa. In ka faɗi sana'ar miji, da yawan matansa, da ƙofar da gidan ke kusa da ita, ka riga ka nuna da yatsa. Marubucin Paris yana rubuta labarin wanda ya kai maƙwabcinsa ga Jamusawa, jikokin mutanen biyu wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba. A nan kuwa jikan mai rahoto da jikan wanda aka kama suna ɗaukar gawa ɗaya, suna cin tuwon suna ɗaya.

Amma gogewa da ƙarfin kawu ban goyi baya ba. Ka tuna abin da ya faru. Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, aka haramta ta a 1959, a Oktoban 1964 mayaƙanta suka shigo ta iyakoki, gwamnatin Diori ta murƙushe su, aka kama jama'a masu yawa, kuma Damagaram na cikin wuraren da abin ya fi taɓawa. Wasu sun mutu a tsare, wasu ba su ga gida ba sai bayan shekaru. Mazan nan uku suna da ƴaƴa. Shirun da kake so a ci gaba da yi, ku ya rufa wa asiri. Su kuwa sun tashi suna kallon gidanku ba su da bakin magana. Sanyin gaisuwar da kake gani a masallaci, ba labarin yarinya ne ya haife shi ba, ya dai fito da shi fili.

Garin nan ma ba yau ya fara ganin abin da kai magana bariki ke jawowa ba. A 1906 zargin shirya kashe Turawa aka kai, aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa aka kai shi Kwaddibuwa, kuma ba a maido da sarautar yadda take ba sai 1923. Wannan muna koyar da shi a aji ba tare da kowa ya ce an tona asiri ba, domin waɗanda abin ya yi wa ciwo kai tsaye sun shuɗe. Na 1964 kuwa masu shi suna raye.

Shawarata: ka kira ta, ba a gaban jama'a ba. Ta sauke labarin na ɗan lokaci, ta sake gina shi. Ta ɗauke shi daga Birni, ta sauya sana'a da yawan mutanen da aka kama, ta haɗa matar da halayen wasu mata biyu ko uku har ta zama ba kowa ba. Sannan ta yi aikin da nake zaton ba ta yi ba, wato ta tambayi abin da ya sa matar ta kai rahoto. An tsorata ta da kama ɗanta ne? Kishi ne? Bashi ne? Ko kuwa da zuciya ɗaya ta yarda RDA, jam'iyyar Diori, ita ce ke kan daidai, kamar dubban mutane a lokacin? Labarin da ya nuna muguwa tsagwaro zagi ne da aka sa wa babi-babi, kuma shi ne hadisin ya hana. Kai kuma, tunda kai ne babba, akwai zaure uku da ya kamata ka je ka yi sallama, ko da labari ko babu.

Wasiƙa ta uku

Inna, ina karatun tarihi a Jami'ar André Salifou. Ina zan samu takardun da suka shafi masu kai rahoto a yankin nan tsakanin 1940 da 1943?

Ɗanki, daga Garin Malam

Amsa

Ɗana, ka fara da ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai, ka nemi rahotannin siyasa da kumandojin Damagaram da Magarya da Gure ke aikawa. Takardun Gwamna Janar suna Dakar, na ma'aikatar mulkin mallaka suna Aix-en-Provence a Faransa. Kada ka tsaya a ɓangare guda: abin da Ingilishi suka rubuta game da mu yana ma'ajiyar Kaduna cikin fayilolin lardin Kano da na Katsina, na SOE kuwa suna Kew a Landan.

Sai dai kada ka sa rai za ka ga sunaye jere. Jami'i yakan rubuta "wani amintacce ya shaida mana", ya yi gaba. Mace kuwa in ta bayyana, sau da yawa matar wane ce ko wata ƴar kasuwa. Ka fi mai da hankali kan takardun shari'ar fasa-ƙwauri da na tsallaka iyaka ba izini, da lissafin kuɗin kyauta, don a nan ƙananan mutane ke leƙowa.

Kafin duk wannan, ka je wurin tsofaffin mata, wannan watan, ba baɗi ba. Wadda take shekara 10 a 1941 yau ta haura 90. Kada ka shiga da kalmar leƙen asiri, za a ce maka ba a ji ba, ba a gani ba. Ka tambaye ta me aka ɗaura shekarar da yadi ya ɓace, wa ke kawo gishiri da kananzir, ta wace hanya, wa gardi ke bari ya wuce ba bincike. Ka roƙe ta waƙar niƙa da ta daɓe na zamanin, domin abin da aka kasa faɗa a fili sau da yawa an zuba shi cikin habaici. Ka nemi izini kafin ka kunna waya, ka rubuta ranar da wurin. Ka kuma tafi da yayarka ko ƙanwarka, ka ba su wuri in hira ta yi nisa, don akwai maganar da tsohuwa ba ta yi a gaban namiji. Goro da sabulu kada su ƙare a jakarka.

Sauran wasiƙun da suka iso, har da ta malamar nan ta Tanut mai tambaya kan yaƙin Kawusan na 1916, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.